Tankar da Na Yi wa Fenti a Gidan Surukina

Shekarar da na ajiye aiki a ofishin filaye ita ce wadda ake ba ku labarinta a karkace. Wasu sun ce muku na taɓu, wasu sun ce zaman banza ne ya yi mini yawa, Gwaggonku kuwa har ta koma ga Allah tana rantsuwa asiri aka yi mini. Babu ko ɗaya. Da hankalina na yi abin da na yi, kuma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki. Zan faɗa muku yadda aka yi, ku huta da tsintar gutsattsarin zance a bakin 'yan majalisa.

Yayarku Babba ce ta yi yaji. Sunanta kun san shi, ba sai na rubuta ba. 'Yar fari ce, tun da aka haife ta bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, ba kuwa a takarda zan fara ba. Lokacin aurenta da Nasiru bai yi nisa ba, goyon fari ne a bayanta. Na dawo daga ɗaurin aure da hantsi na tarar da akwati a ƙofar ɗakin mahaifiyarku, na ga takalman da na sani, na wuce ɗakina kamar ban gani ba. Uba ba ya tsayawa ya tambayi 'yar fari me ya kawo ta. Sai da Hajiya, mahaifiyar taku, ta kawo mini abinci ta zauna ta kwance mini zancen. Wai Nasiru caca yake yi. Duk mako yana Abuja wajen aiki, ya fita da sassafe ya dawo a gajiye, ranar Asabar da ya kamata ya zauna da iyalinsa sai abokai su zo su shige ɗaki ɗaya su ja ƙofa. Babba ta leƙa ta ga suna jefa ɗan lido, wannan mai ɗigo-ɗigo, a kan wani ƙaton tebur cike da motocin wasan yara. Ta tambaye shi, ya yi dariya ya ce wasa ne. Zancen ya fita unguwa, ban san ta bakin wa ba, har wata ta tare ta a gidan suna ta ce a gaida maigida da 'yan motocinsa, Allah ya ba shi sa'ar ci. Washegari ta haɗa kayanta.

Yayana Alhaji Sule shi ne babban gidanmu a Tudun Ƙofa, shi ya ba da aurenta, don haka maganar a hannunsa take. Kun san shi, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai gaskiya amma in ya kafe ya kafe. Ya ce jininmu ba zai zauna a gidan ɗan caca ba. Ya ce a bar yarinya ta huce, shi zai sa rana a zauna da dangin yaron, ko dai ya tuba ya ƙone kayan a gaban mutane ko ya ba da takarda. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, don na san Nasiru tun yana zuwa zance. Yaro ne mai sanyi, ko goro ba ya ci, kuma ban ga alamar gidan da caca ta shiga ba, buhun shinkafarsu bai taɓa yankewa ba. Auren nan ba na so ya mutu. Sai na yi abin da ba a yi, na ce zan je in gani da idona.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. A tasowarmu uba ba ya taka gidan 'yarsa sai da babban dalili, in ma ya je a ƙofa yake tsayawa. Suruki kuwa in ka hango shi a hanya, ɗayanku ne zai canza layi. Ranar Asabar na hau okada zuwa Jigwada, na sa ya sauke ni nesa da gidan, na ƙarasa da ƙafa ina waige-waige kamar wanda ya ɗauko kazar mutane. Da Nasiru ya buɗe ƙofa ya gan ni, sai da ya kusa faɗuwa wajen durƙusawa. Ya gaishe ni ya sake gaishe ni, kansa a ƙasa. Na ce ba gaisuwa ta kawo ni ba, ɗakin nan nake so in gani, kuma kada a taɓa komai kafin in shiga.

Abokansa biyu na ciki, ɗaya Ibo ne mai kantin magani a bakin kasuwa, ɗayan malamin makaranta. Suka miƙe tsaye cirko-cirko. Na ce su ci gaba da abin da suke yi, na ja kujera na zauna na haɗe rai. Teburin ya kai faɗin ƙyauren shago. An yi masa tuddai da kwali, an yi itatuwa da soso, ga kogi da shuɗin fenti har da gada. A kai ga tankokin yaƙi na roba, kowace ba ta wuce akwatin ashana biyu a haɗe ba. Mutum zai ɗauki tef irin na tela ya auna iya inda tankarsa za ta iya tafiya, ya matsar da ita, ya ce ya harbi waccan, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya samu ko ya kuskure. Shi ke nan. Na zuba ido in ga inda kuɗi zai fito, na duba ƙarƙashin tebur, na tambayi mai kantin magani wanda ya ci me ake ba shi. Ya ce da gurguwar Hausarsa babu komai Baba, sai dai ya yi wa ɗan'uwansa dariya har sati ya zagayo. Na yi aiki da mutane shekara da shekaru, na san fuskar mai ɓoye abu, waɗannan ba su da abin ɓoyewa sai wauta. A nan ya kamata in tashi in kama hanyar gida.

Ina miƙewa idona ya faɗa kan wani ɗan tebur a lungu. Ƙananan kwalaben fenti ne a jere, da burusai sirara kamar tsinken sakace, da wata tanka da aka fara shafa wa kore aka bari. To, akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Ina saurayi, duk hutun makaranta Garaku nake gudu wajen wani Bayarabe mai zanen jikin manyan motoci. Shi ya koya mini haɗa kala da jan layi ba tare da hannu ya yi rawa ba, har ya fara bar mini bayan mota ni kaɗai. Da kakanku ya ji, ya aiko aka taho da ni, ya ce ɗan malamai ba zai ƙare a tasha yana zana zaki da dawisu ba. Ban yi musu ba. Na shiga aikin gwamnati na ƙare rayuwata ina zana taswirar filaye da baƙar tawada da rula, na ɗauka wancan abu ya mutu tuntuni. Da na ɗaga tankar nan na ga yadda aka lafta mata fenti har ya toshe ƙusoshin jikinta, sai raina ya ɓaci kamar ni aka yi wa laifi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wa ya koya maka riƙe burushi? Wannan ai fentin ƙofar gareji ne."

Nasiru ya ce a waya yake kallo yana kwaikwaya. Na ce ya ba ni ruwa a murfi da tsumma. Niyyata in nuna masa sau ɗaya in tafi. Na tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa, na shafa sama-sama, na jira ya sha iska na ƙara. Na haɗa ruwan ƙasa da ɗan baƙi na bar shi ya gangara cikin lunguna, sai ga kowace ƙusa ta fito da kanta. Na goge burushi a tsumma har ya kusa bushewa na bi gefe-gefe da shi, wurin ya yi haske kamar ƙarfen da hannu ya daɗe yana gogawa. Hannuna bai manta komai ba, wallahi ko rawa bai yi ba. Kiran sallar La'asar ne ya dawo da ni hayyacina. Na ɗago na ga babbar rigata a rataye a ƙusa, hulata a kan gwiwa, ga surukina a tsugune kusa da ni kafaɗarmu tana gogar juna, yana riƙe mini fitilar waya. Kunya ta rufe ni. Na sa rigata na fita ko sallama ban yi ba.

Na rantse a raina ba zan koma ba. Asabar ta zagayo na koma, ta sake zagayowa na sake komawa. A gida ina cewa zan je duba wani fili. Gaskiya ne ina yi wa Nasiru maganar matarsa, amma ina yi ne da burushi a hannu. Na yi wa tankar tsatsa a inda ruwa zai kwanta, na kankaro jar ƙasar ƙofar gidansa na kwaɓa da gam na shafa wa sarƙar da take tafiya a kanta, na yi mata baƙin hayaƙi a bakin bindiga. Har wasan suka koya mini, na jefa ɗan lido da hannun nan nawa, mai kantin magani ya ƙone mini tankoki yana ba ni haƙuri. A cikin wannan zama ne Nasiru ya faɗa mini abin da ke ransa, idonsa a kan tebur. Ya ce yana son matarsa, ɗakin ya yi masa faɗi, in ta ce ya rage zai rage, in ta ce ya mayar da wasan gidan aboki zai mayar. Amma ba zai ƙone kayan a gaban mutane ba, don ƙonewar tana nufin ya amsa sunan ɗan caca, ɗansa kuma zai tashi da wannan suna. Na gane in aka matsa masa takardar zai rubuta, yana kuka zai rubuta ta.

Na sami Yaya na ce masa na bincika, babu caca a ciki. Ban faɗi irin binciken ba. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce ya sani, kara nake yi. Uban 'ya ai dole ya goyi bayan suruki ya ba 'yarsa rashin gaskiya, haka aka san mutanen kirki da yi, ya yaba mini, amma in bar masa maganar. Na gaya wa Hajiya, ita ma ta ce kara ce. Ta dubi bakin hannun rigata inda kore ya ɗiga, ta dube ni. Kun ga inda na tsaya ke nan. Duk abin da na faɗa a kan yaron nan ba shi da nauyi, saboda kowa ya ɗauka al'ada ce take magana ba ni ba.

Ranar zaman, bayan Azahar, aka shimfiɗa tabarmi a zauren Yaya. Nasiru ya zo da kawunsa, da kwali a hannu, don Yaya ya ce a kawo kayan dattawa su gani. Akwai liman, akwai maƙwabta biyu da ba wanda ya gayyace su. Babba da mahaifiyarku suna zaune daga bakin ƙofar cikin gida, ana ganin gefen mayafinsu. Aka yi addu'a, Yaya ya zazzage kwalin a kan tabarma. Ɗan lido ya gangaro har gaban liman, liman ya janye ƙafarsa. Nasiru ya yi bayani a hankali, ba wanda ya saurara. Yaya yana ta juya kayan da bakin sandarsa, can ya sunkuya ya ɗauki ɗaya ya kai ta kusa da idonsa. Tun kafin ya ɗaga na gane ta.

Ya daɗe yana kallonta. Ya miƙa wa liman, liman ya miƙa wa na kusa da shi, ta zagaya zauren ana girgiza kai. Yaya ya ce a ajiye maganar caca ma tukuna, a dubi wannan. A dubi laka da aka yi mata, a dubi tsatsa. Ya ce wanda ya zauna ya ɓata yini da yini yana yi wa abin wasa tsatsar ƙarya, matarsa na can tana kuka, ba shi da hankalin da za a ba shi amanar mace, ko akuya ba zai ba shi kiwo ba. Sannan ya juya ga Nasiru.

"Kai ka yi wannan da hannunka?"

Nasiru bai dube ni ba, ko da wutsiyar ido. Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ni ne, Baba."

Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta wannan lokaci ba. Yaron da ake shirin raba shi da matarsa ya yi ƙarya a gaban liman don ya rufa mini asiri, ni kuma ina zaune da babbar riga da carbi ina kallo. Na san in na yi shiru ba mai sani har abada. Na kuma san in na yi shiru Yaya zai ce a kawo ashana, Nasiru zai ce a kawo takarda. Na ji muryata ta fito wata iri, kamar ba tawa ba.

"Yaya, ba shi ba ne. Ni na yi."

Yaya ya ce in bar wannan kara haka nan, ta isa. Sai na miƙa hannu na karɓi tankar. Na ce a juya ƙarƙashinta za a ga inda babban yatsana ya taɓa fenti bai bushe ba. Na faɗi kalar da na haɗa da wadda na fara shafawa, na faɗi inda na kankaro ƙasar. Na ce Asabar ɗin nan da nake cewa zan je duba fili, a gidan surukina nake yini, a ɗaki ɗaya, rigata a rataye. Na ce na yi wasan da hannuna, na jefa abin nan da liman yake janye wa ƙafa, ko kwabo bai gifta ba. In Nasiru ɗan caca ne to ni ma shi ne, in kuma wanda ya yi fentin nan bai isa riƙe mace ba, sai a fara da raba ni da Hajiya. Ina magana ina kallon tabarma, gumi yana bin bayana. Da a ce ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi tari don ya danne dariya, bai dannu ba. Daga bakin ƙofa na ji motsin tashi, na ga mayafin Babba ya ɓace. Yaya ya dube ni, kallon da bai taɓa yi mini ba tun muna yara, sannan ya juya ga kawun Nasiru.

"Ku yi haƙuri. Ashe ciwon a gidanmu yake. Yarinya za ta koma ɗakinta."

Ya ɗauki sandarsa ya shige gida, ko addu'ar tashi ba a yi ba.

Kafin Magariba labari ya gama Tudun Ƙofa. Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku. Da ni ake aikawa neman aure da sasanta ma'aurata a danginmu, daga ranar Yaya bai sake aikena ko'ina ba har ya rasu. A majalisa in na iso sai wani ya ce a matsa wa kwamanda, a yi dariya, ni ma in yi, in dawo gida abinci ya ƙi shiga. Nasiru kuwa kunyar da ke tsakaninmu ta dawo ta ninka ta da. Matarsa na komawa ƙofar gidan ta rufe a gare ni, kamar yadda ya kamata, ban sake taka ɗakin nan ba, ban sake riƙe burushi ba. In ya zo gaisuwa yana durƙusawa daga nesa, in amsa ina kallon bango. Duk wannan na ɗauka, na ce ba komai, tunda auren ya tsaya. Ya kuwa tsaya, ga ƙannen yaron nan da aka haifa daga baya kuna gani.

Abin da ya sa na iya ɗauka shi ne yadda Babba ta koma. Ba ta jira an zo biko ba, ba ta jira an kawo ko turmin zane ba. A yammacin ranar ta goya ɗanta ta sa aka kira mata mota. Na ji daɗi a raina, na ce yarinyar nan ta gane, ta ji shaidar ubanta ta yarda mijinta ba ɗan caca ba ne, ta kuma ga abin da na yi dominta. Da wannan tunani na rayu shekaru. Ba abin da za mu zauna mu tattauna ba ne ni da ita, tana zuwa ta durƙusa ta gaishe ni ta tashi, kamar kullum. Sai bara, muna zaune da mahaifiyarku da rana ana tsintar wake, zancen ya faɗo, na ce ko ba komai Babba ta san abin da ubanta ya yi mata. Hajiya ta ci gaba da tsintar wakenta. Na ce ko ba haka ba? Ta ce Malam ka bar zancen nan. Na matsa, don ni ma in na kafe na kafe. Sai ta ajiye faifan ta ce, ranar da Babba take haɗa kayan komawa gidan mijinta ta tambaye ta ko ta huce ne, ga abin da ta amsa mata:

"Inna, ban huce ba. Amma gara in zauna da miji mai wasan yara, da in riƙa tashi kowace safiya ina gaida uba mai wasan yara."

Na ce wa Hajiya to, ai dai ta koma. Na tashi na ɗauki buta na yi alwala, ko da yake lokacin salla da saura.